Randar Kufai da Turmin Kakata

Bari in fara da wautar da na tafka, tun kafin wani ya riga ni faɗa ya ƙara mata gishiri. A duk unguwarmu a Haɗejiya wuri ɗaya ne tak ake daka tsingaron tukwane a turmi kamar gero, wato gindin rumbun kakata, kuma nan na zaɓa na ɓoye tsingarona. Ba mantuwa na yi ba. Zama na yi na yi tunani, har na yaba wa kaina. Na ce wanda zai ɓoye fasasshiyar tukunya ai cikin fasassun tukwane ya kamata ya zuba ta, ko ɓarawon da ya yi karatu ba zai gane ba.

Abin daga aji ya faro, ina ɗan shekara goma sha huɗu. Malaminmu na tarihi mutumin Kafin Hausa ne, dogo, siriri, in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Ran nan ya shigo da wani littafi mai nauyin dutsen niƙa, ya buɗe mana hotunan abubuwan da aka tono daga ƙasa a garuruwan Girkawa da Romawa na dā. Akwai mutum-mutumi na farin dutse birjik, wani ba hanci, wata ba hannuwa, wani kai kaɗai ya rage masa amma bai fasa hararar mutane ba. Yawancinsu ko bante babu, saboda haka Malam ya riƙa nuna mana su da tafin hannunsa a kan rabin shafi. Na tambaye shi ko ƙasar ba maɗinka, ya ce in rufe masa baki.

Da ya zo kan tukwane sai muryarsa ta sauka. Tuluna ne baƙi da ja, an zana musu 'yan tsere da mata masu ɗiban ruwa, jikinsu duk layin tsaga. Ya ce a farfashe ake samunsu. Masana kan zauna wata da watanni suna gwada wannan guntu da wancan har tulu ya tashi, inda ya ɓace su cike da farar ƙasa, sannan a sa shi a akwatin gilashi, mutane su yi ta zuwa kallo daga nesa. Ya ce da irin waɗannan ake sanin mutanen da suka shuɗe.

Bakina ya riga hankalina, na ce, “Malam, ai mu ma muna da su a kufai, sai dai mu awaki ne ke taka su.”

Aji ya ɗauki dariya, kuma ban ga laifinsu ba. Ni ne na ba su labarin tarwaɗar da ta ja jirgin kawuna tun daga nan har Guri. Ni ne na ga sauron fadama ya ɗauke ɗan tsako. Duk abin da ya fito daga bakina sai an raba shi biyu, a zubar da rabi, a yi shakkar sauran. Monitanmu, ɗan wani akawu, mai agogon hannu da ya tsaya tun kafin a ba mu 'yancin kai, ya juyo ya ce jikan mai yumɓu ai dole ya ga tarihi a kowace bola, su kam a gidansu an daina ci a kasko, sai a langa.

Malam bai yi dariya ba. Ya ce saura mako huɗu a rufe makaranta, ranar da iyaye ke zuwa kallon ayyukanmu. In na kawo tukunyar kufai guda, a haɗe, zai ajiye ta a tebur kusa da littafinsa. Ya tambaya, in ban kawo ba fa? Ni kuma da yake baki ba ya jin magana, na ce in ban kawo ba, zan tsaya a gaban iyaye da ɗalibai in faɗa da bakina cewa ni maƙaryaci ne. Monita ya ce zai zo da babansa musamman don ya ji.

Kufan da nake nufi wani tudu ne a hayin kogi. In ruwa ya cika da kaka yakan zama tsibiri, in ya janye Fulani su kai shanu. Ba wanda ya san mutanen da suka zauna a wurin. Innata dai ta san waɗanda ke zaune yanzu, aljanu ne, kuma ta ce ranar da na shigo mata gida da ko tsinken wurin, ranar za ta nuna mini ita ta haife ni. Kawuna, ƙanenta, masunci ne. Shi ya yarda ya riƙa sauke ni can in ya fita duba taru, bisa sharaɗin ni zan riƙa kwarfe ruwan jirgi da sakaina, in kuma Inna ta ji, bai san ni ba.

Zuwan farko na cika hula da aljihu biyu da tsingaro. Na baza su a ƙasa, na gwada har rana ta yi tsaka, ko biyu ba su haɗu ba. Kamar ka tara mutanen kasuwa ne ka ce 'yan ɗaki ɗaya ne. A nan na fara gwada faɗin “ni maƙaryaci ne” a hankali, don in ji yadda za ta fito.

A zuwa na biyu wani guza ya cece ni. Na bi shi da gudu, ya gangara gaɓa inda ambaliyar bana ta zaftare ƙasa, na bi shi da baya, ba da niyya ba. Da na tashi ina kakkaɓe wando sai na ga bakin tukunya ya leƙo daga jikin gaɓar, ƙasa ta danne shi, daga shi zuwa saman tudu ya fi tsawona. 'Yar randa ce, ta farfashe a inda take, kowane guntu yana kwance kusa da ɗan'uwansa. Na ari wuƙar Kawu na shiga tono. Kawu yana ta kira daga jirgi, wai kifinsa zai lalace saboda fasasshen kasko, in ban zo ba zai bar ni in kwana da masu wurin. Na tattara cikin sauri, guntu arba'in da uku, na ƙulle a rigata, na koma gida ba riga ina tafiya kamar wanda ya ci yaƙi.

Sai batun maɓoya. Ɗakinmu Inna tana share shi har ƙarƙashin tabarma. Rumbu ba na isa. A nan ne wannan babban tunanin nawa ya zo, na juye su duka a kwandon Kaka.

Kaka mahaifiyar babana ce, maginiyar tukwane. Idonta ya yi hazo tun ina ƙarami, amma hannunta ya fi idon shaho gani. Ita ke kirana Maigida, ni kuma in ce mata na sake ta tun bara don ba ta da haƙora. Na san tana tara fasassun tukwane a kwandon nan, na kuma sha jin ta tana daka, amma ban taɓa haɗa biyun a kaina ba. Ina tsammani ta tsufa ne kawai, tana son tara shara.

Bayan kwana uku na dawo daga makaranta, tun daga zaure na ji sautin taɓarya, ba irin na hatsi ba, wani ƙaras-ƙaras mai sa haƙori tsami. Na shiga na tarar da ita a gindin rumbu, kwando a gefe, turmi a gaba, jan gari ya cika faifai.

Ta ce, “Maigida, kai ne ka kawo mini tsingaron nan? Allah ya yi maka albarka. Rabona da samun mai daɗin daka irinsa tun mahaifiyata na da rai.”

Na faɗa kan turmin nan na rungume shi kamar an ce uwata ce a ciki. Kukan da na yi, an ce har kaji sun bar gidan. Ta bar ni na gama, sannan ta tambaya wa ya mutu. Na kwashe labari duka na faɗa mata, tun daga mutanen da ba su da bante har alkawarin da na ɗauka. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce in na tsaya na ce ni maƙaryaci ne, ai ranar ce zan fara faɗin gaskiya, ita ma za ta zo ta ji.

Ta yi mini bayanin dakan. Yumɓu zalla ba ya jure wuta, fashewa yake yi. Sai an daka tsohon tsingaro an tankaɗe an cuɗa a ciki, domin wanda ya taɓa shiga wuta shi ke riƙe sabo. Haka uwarta ta yi, haka uwar uwarta, kuma a dā can daga kufan nan suke ɗebowa, kafin mata su fara tsoron wurin. Ta ce duk randar da na taɓa shan ruwa a cikinta akwai kufai a jikinta, aljanun ba su taɓa cewa komai ba.

Ni dai ban ga abin da wannan zai amfane ni ba. Cikin shessheka na faɗa mata abin da monita ya ce, jikan mai yumɓu, da zancen langa. Sai dariyar ta tsaya. Ta ɗaga gefen tabarmar da take zaune a kai, ta zaro wasu gutsattsari, duka na baki da wuya, ta miƙo mini. Ta ce waɗannan ba ta daka ba. Ta kama babban yatsana ta kai shi ƙarƙashin leɓen bakin, inda ido ba ya gani, na ji ya faɗa wani ɗan loko, kusa da shi akwai wani. Sannan ta jawo sabuwar tukunyarta ta sa yatsana a daidai wurin, na ji loko uku a jere. Zanen wuyan ma iri ɗaya ne, na murɗaɗɗiyar igiyar kaba da ake mirginawa a kan ɗanyen yumɓu.

Ta ce, “Wannan hannun gidanmu ne. Uwata ta ce in na gama baki in danna sau uku, ban tambaye ta dalili ba, ita ma ba ta tambayi tata ba. Jawo mini kwandon nan.”

Muka juye kwando a tsakar gida. Tsingaro ya yi tudu, nawa ya cuɗe da na duk matan unguwa da suka taɓa yin tuntuɓe da tulu. Ni da idona biyu ban iya bambanta su ba. Ita kuwa sai ta ɗauki guda, ta ƙwanƙwasa da farce kusa da kunne, ta shafa kaurinsa, wani lokaci har ta ɗan lasa, ta jefa dama ko hagu. Na kufai muryarsa a dushe take, in ji ta, kuma yana ɗanɗanon kogi. Kafin la'asar ta fitar da ashirin da tara, har da na ƙarƙashin tabarma. Sauran goma sha huɗun suna faifai sun zama gari. Inna ta fito ta gan mu, ta buɗe baki za ta fara, Kaka ta ce nata ne, ita ta aike ni. Inna ta mayar da bakinta ta rufe, amma hararar da ta yi mini har yau ina jin zafinta a ƙeya.

Na ce sauran aiki nawa ne, na ga yadda masana ke yi a littafi. Na jiƙa ƙaro, na shafa, na fara liƙawa. Nakan haɗa uku, in ɗauko na huɗu, ukun su zube. Ƙaro ya kama yatsuna, ya kama gwiwata, wata kaza ta wuce da guntu ɗaya manne a wutsiya sai da na bi ta har bayan gida. Kwana biyu na ɓata a haka. Kaka tana zaune tana saurare har ta ji na jefar da kaskon ƙaron. Sannan ta ce su waɗannan masanan nawa, in haka suke yi, ba su taɓa gina ko kaskon turare ba. Cikin randa da aka cinye kashi ɗaya cikin ukunsa ba ya tsayuwa da kansa, sai an ba shi abin jingina.

Ta ɗauki guntu mafi girma, ta bi lanƙwasarsa da tafin hannu, ta buɗe hannuwanta biyu a iska ta ce ga girman randar. Daga guntu ɗaya. Washegari ta kwaɓa yumɓu da garin nan na faifai, nawa, ba ta bar ko ƙwaya ba, ta gina sabuwar randa mai gajeren wuya wadda tsofaffin gutsattsarin za su kwanta a bayanta kamar riga. Na gwada guntu ɗaya a jikinta tana ɗanya, na ga ta yi masa girma, na ce tsohuwa kin ɓata. Ta buge mini hannu, ta ce yumɓu yana tsukewa in ya bushe, ya ƙara tsukewa in ya sha wuta, ta bar masa kaurin yatsa ɗaya, in tafi in yi abin da na iya, wato surutu.

Mako guda randar nan tana inuwa tana bushewa, ni ina gadinta daga awaki da ƙannena. A makaranta monita kullum sai ya duba agogonsa da ba ya tafiya ya faɗa mini kwanakin da suka rage. Saura kwana uku aka yi gashi a bayan gari, aka jera tukwane, aka lulluɓe da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu, aka sa wuta. Can cikin wutar wani abu ya fashe da ƙara. Na zauna daɓas a ƙasa. Kaka ta karkata kunne ta ce ba tamu ba ce, tulun maƙwabciyarta ne, ta sha gaya mata tana rowar gari. Da toka ta huce aka jawo tamu lafiya lau, ja kamar gauta. Na ɗora guntun nan a bayanta, ya kwanta lif kamar a nan aka haife shi.

Kwana biyu muna liƙi. Ita ke laluben gurbin kowanne, ni ke shafa ƙaro, mu ɗaure da igiyar kaba har ya kama. Inda aka dake, jar sabuwar randa ce ke leƙowa. Da muka gama sai ga giɓi a baki, faɗin yatsa uku, daidai gefen lokon nan biyu. Na ce shi ma ta cinye shi a turmi. Ta ce ita ba ta daka baki mai hannun gidansu, ni na baro shi a gaɓa don ina tsoron kawuna.

Ranar rufe makaranta na yi gammo na ɗauki randa biyu a jiki ɗaya. Nauyinta ya sa wuyana ya shige ƙirji, na tabbata da na fi haka tsawo yau ba don ita ba. Aka jera benci a ƙarƙashin itatuwan maina, iyaye suka zauna, hedimasta ya sa babbar rigarsa. Na dire ta a tebur kusa da littafin. Malam ya zagaya ta sau uku yana taɓa layukan tsagar da ɗan yatsa, kunnuwansa har rawa suke. Na riga na fara shirya irin tafiyar da zan yi in koma wurin zamana.

Sai monita ya miƙe. Ashe ya aika an ɗauko masa tulun ruwan gidansu, masu langar nan, kuma tulun ginin Kaka ne. Ya ajiye shi kusa da randata ya ce kowa ya dubi zanen wuyan. Iri ɗaya. Ya ce ba wani kufai, tukunyar kakata na fasa na shafa mata laka. Malam ya duba wannan, ya duba wancan, ya sa hannu ƙarƙashin leɓensu ya ji lokon. Ya ɗago ya dube ni, ba da fushi ba, da wani irin tausayi da ya fi bulala ciwo. Ni da na yi shekaru ina shara ƙarya ana dariya, yau na zo da gaskiya tsirara ta rasa mai saye.

Daga can baya, wajen danga inda mata suka tsaya, na ji muryar Kaka. Ban ma san ta biyo ni ba.

Ta ce, “Malam, ɗana, ka ƙidaya lokon tsohuwar. Biyu ne. Na ukun yana jikin giɓin nan, giɓin kuma yana gaɓar kogi inda wannan ja'irin ya baro shi. In jiya aka fasa ta a gidana, ba za a same shi a can ba. A je a duba.”

Hedimasta ya ce gani ya kori ji, gobe da safe kafin kowa ya tafi hutu. Alkawarina yana nan, in ba a samu ba, a bakin kogin zan faɗa.

Jirgi uku muka cika. Kawu, wanda bai san ni ba, shi ne a gaba yana ba mutane labarin yadda ya taimaka tun farko. Kaka ta zauna a tsakiyar jirginsa da randa a cinya. Malam ya zo da farin wando. Monita ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu yana karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa.

Na nuna ramin da na tona. Yara suka faɗa masa da itace da hannu. Aka tono tsingaro iri-iri, aka tono ƙashin kifi, aka tono wani dutsen niƙa da ya rabe biyu, kowanne a kai wa Kaka ta shafa ta ce a'a. Rana ta ɗaga. Wandon Malam ya koma kalar kunun kanwa. Hedimasta ya fara duban inuwa. Na fara tunanin ko ruwa ya tafi da shi, ko saniya ta taka, ko ma tsohuwar ta daka ta manta.

Monita bai taɓa ƙasa ba, yana zaune a ƙasan gaɓa kan wata saiwa yana kare takalminsa. Ƙasar da masu tono ke turowa tana gangarowa kusa da shi. Na ga ya sunkuya ya ɗauki wani abu, ya goge da yatsa, ya juya shi, sannan ya dunƙule hannu. Ni kaɗai na gani. Kogi yana bayansa, taku biyu, in ya wurga shi ke nan. Muka haɗa ido. Ban san tsawon lokacin ba, ni dai na ji kamar na yi furfura. Sai ya tashi, ya hau gaɓa da takalmin nasa cikin laka, ya miƙa wa Malam, ya ce ga wani a gwada.

Malam ya durƙusa gaban Kaka, ya kai guntun bakin randa. Ya shige da ɗan sauti, ƙyas. Zanen igiyar da ya tsaya a wannan gefe ya bi ta kansa ya haɗe da na wancan gefe, ba ko karkata. Malam ya juya leɓen, ga loko na uku cike da busasshiyar laka. Ya kankare da farce, ya roƙi Kaka ta sa yatsanta. Ta sa, ya zauna daidai.

Ihun da yara suka yi ya tayar da duk tsuntsayen fadama, na rantse har Guri sai da rana ta dushe. Aka ɗaga ni sama, aka kusa jefa ni a kogi don murna. Malam ya jira aka lafa, sannan ya cire hularsa, abin da ba mu taɓa gani ba, ashe sanƙo gare shi. Ya ce littafinsa cike yake da tuluna masu kyau, amma babu ko ɗaya da za a iya kawo jikar mai ginin ta sa yatsa a gurbin yatsanta. Ya ce yaron nan ya faɗi gaskiya, kowa ya shaida. Ni kuma da na ji fili ya samu, na sanar da jama'a cewa randar ta girmi Fir'auna da shekara dubu. Malam ya kama kunnena ya ce in bar gaskiyar nan ta kwana ɗaya tukuna.

Shi da kansa ya ɗauki randar daga bakin kogi zuwa makaranta, a ka, ba gammo, ta tsakiyar kasuwa, muna biye. Kaka tana tafe a gefensa riƙe da sandarta tana gaya masa yadda ake riƙe randa. A ƙofar makaranta monita ya ce mini, cikin ƙasa da murya, ruwan tulun gidansu ya fi na kowace langa sanyi, amma in na faɗa wa wani zai ƙaryata. Na ce ai ko na faɗa ba mai yarda.

Ga yadda abin ya ƙare. Malam ya rubuta wa masu gidan ajiye kayan tarihi, bayan watanni wani mutum ya sauka daga jirgin ƙasa a tashar Malam Madori, ya zo ya duba, ya auna, ya rubuta. Ya ce tsohuwa ce ƙwarai, amma ba ta kama ƙafar na Girkawa a shekaru ba, kuma ba zai iya tabbatar da dangin mai ginin ba. Kaka ta ce ba ta tambaye shi ba. Randar ta zauna a kan kabad a ofishin hedimasta har damina, laima ta jiƙa ƙaron, kyankyasai suka cinye saura, gutsattsarin suka zubo ɗaya bayan ɗaya. Masinja ya share su a kwando ya kai wa Kaka. Ta ware na baki ta sa ƙarƙashin tabarma, sauran ta daka. Jar randar ciki kuwa tana bakin ajinmu, a ciki muke shan ruwa.